Dabarar da ta kafa kasuwanci ba ita ke riƙe shi ba

Akwai wata magana da na gaji da ji a bakin masu kasuwancin da suka daɗe a harka. Da zarar ciniki ya fara ja da baya, ka tambayi mutum me yake shirin yi, sai ya ce: "Haƙuri za mu yi, mu ƙara ƙoƙari. Ai haka muka faro, kuma da haka muka kawo nan." In ka bi diddigin ƙarin ƙoƙarin nan, ba ya wuce buɗewa da wuri, tashi a makare, da sake karya farashi.

A ɗaya gefen kuma ga masu sayar da shawara, waɗanda ba su taɓa biyan albashin kowa ba. Su waƙarsu ɗaya ce: kasuwancin da ba ya faɗaɗa ya kama hanyar mutuwa. A buɗe sabon reshe, a shiga sabuwar harka, a ci bashi a yi girma.

Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba. Idan kasuwa ta cika, mai kasuwanci kuma ya manyanta, dole ne a zauna a sake lissafi tun daga tushe. Amma a ganina mafi yawan wannan lissafi ragewa ce: a ajiye wasu kayan, a rabu da wasu masu saye, kuma mafi ɗaci, maigida ya janye hannunsa daga ayyukan da ya saba yi da kansa.

Lokacin da kowa ya riga ya saya

Sabuwar kasuwa tana da sauƙin hali. Mai saye bai taɓa riƙe abin ba, tambayarsa kawai ita ce akwai ko babu, kuma nawa ne. Wanda ya riga kowa kawo kaya shi ke da ciniki, ko da kayan na da aibu, ko da ya bar mutum tsaye awa guda.

Cikakkiyar kasuwa kuwa, mai saye ya riga ya mallaki abin. Ya san aibinsa, ya san farashin mutum biyar da ke sayar da irinsa. Yanzu tambayarsa ta koma: me zai sa in canza wanda nake da shi, kuma me zai sa in saya a wurinka?

Wayar hannu ta zamani ta nuna mana wannan a idonmu. A 2016 aka sayar da kusan biliyan ɗaya da rabi a duniya, daga nan adadin ya daina hawa kamar da. Mutane suka fara riƙe waya tsawon shekaru kafin su canza. A ƙarshen 2018 kamfanin Apple ya sanar cewa zai daina bayyana yawan wayoyin da yake sayarwa, ya mai da hankali kan kuɗin da yake samu daga waɗanda suka riga suka sayi wayar: manhajoji, ajiyar bayanai, kiɗa da sauransu. Kamfanin da ya fi kowa cin ribar waya ya canza ma'aunin da yake auna kansa da shi. Wannan ya isa ishara.

Ford bai yi kuskure ba, ya daɗe ne a kan gaskiyar jiya

Labarin da ya fi bayyana abin da nake nufi ya haura shekara ɗari.

A 1908 Henry Ford ya fito da mota ƙirar Model T a Amurka. Dabararsa ɗaya ce: mota iri ɗaya, mai ƙwari, mai sauƙin gyara, wadda kullum farashinta ke sauka. A 1913 ya kafa tsarin haɗa mota a kan layi mai tafiya, ma'aikaci na tsaye aiki na zuwa masa. Motar da aka fara sayarwa dala 850 ta sauko ƙasa da dala 300 a tsakiyar shekarun 1920. Shekaru da dama baƙin fenti kaɗai ake yi mata. A farkon shekarun 1920 kusan rabin motocin da ake sayarwa a Amurka nasa ne.

Dabarar ta yi daidai da manomin da bai taɓa mallakar mota ba. Matsalar ita ce, nasarar Ford da kanta ta ƙarar da irin wannan mai saye. Wanda ya sayi mota a 1915, da ya tashi canzawa bayan shekara goma, ba ya neman mafi arha. Yana son mai rufi, mai launi, wadda maƙwabci zai gani ya san an samu ci gaba. Mai neman arha kuma yana da tsofaffin motoci birjik, yawancinsu ma ƙirar Ford ɗin ne.

Alfred Sloan, shugaban kamfanin motoci na General Motors a lokacin, ya gane haka. Ya jera motoci hawa-hawa, daga Chevrolet na mai ƙaramin ƙarfi har Cadillac na attajiri, ana sauya fasali kusan kowace shekara. Tun 1919 kamfanin ya kafa reshen ba da mota bashi, a biya kaɗan-kaɗan, abin da Ford ya daɗe yana ƙyama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a cikin gidan Ford an san gaskiya. Ɗansa Edsel ya yi ta roƙon a fito da sabuwar ƙira. Wani babban jami'in kamfanin, Ernest Kanzler, ya rubuta masa takarda a farkon 1926 yana bayyana yadda ake ƙwace musu kasuwa. Kafin shekarar ta ƙare Kanzler ya bar kamfanin. Sai a watan Mayun 1927, bayan an ƙera sama da miliyan 15, Ford ya haƙura ya tsayar da Model T. Masana'antunsa suka yi watanni a rufe ana sauya injina, dillalansa na zaune babu abin sayarwa, masu saye na tafiya wurin Chevrolet.

Ba wanda zai ce Ford malalaci ne, ko bai san mota ba. Ƙarin ƙoƙari ne ma ya ƙara nutsar da shi, domin kowane inji da ya girka don sauƙaƙa ƙera Model T ya zama wani sabon dalilin ƙin barin ta.

"Ai da tsohuwar zuma ake magani"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo mini, kuma ba ta banza ba ce. Canji ya kashe kamfanoni da yawa.

A ƙarshen 2011 kantunan J.C. Penney na Amurka suka ɗauko Ron Johnson, mutumin da ya gina shagunan Apple, suka ba shi shugabanci. Ya duba ya ga kusan duk kayan ana sayar da su ne a kan rangwame: a ɗora farashi sama, sannan a ce an yi ragi. Ya ce wannan yaudara ce, ya soke rangwamen, ya sa farashi ɗaya mai sauƙi. Bai gwada a 'yan shaguna ba, ya aiwatar a ko'ina lokaci guda. Cinikin shekarar 2012 ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A watan Afrilun 2013 aka sallame shi. Garin neman gira aka rasa ido.

To amma me ya faru a nan? Mutumin ya kori masu sayen da yake da su don neman waɗanda ba su san da shi ba. Matan da suka saba zuwa da takardar rangwame a jaka suna jin daɗin cewa sun ci nasara a ciniki, shi kuma ya ɗauke musu wannan daɗin. Wannan ai ba sake tunani ba ne, raina abokin ciniki ne.

A kwatanta da Lego, kamfanin Denmark mai ƙera 'yan tubalan roba na wasan yara. A shekarun 1990 ya ga kasuwarsa ta daina girma, yara sun koma wasannin kwamfuta. Sai ya bi shawarar masu cewa a faɗaɗa: tufafi, agogo, wuraren shaƙatawa, sababbin kayan wasa da ba su da alaƙa da tubali. Zuwa 2003 da 2004 asara ta kai shi bakin durƙushewa. Aka naɗa Jørgen Vig Knudstorp, wanda ba ɗan gidan da suka kafa kamfanin ba ne, kuma bai kai shekara arba'in ba. Abin da ya fara yi shi ne yanka. A 2005 aka sayar da wuraren shaƙatawar. Aka rage nau'ukan tubalan da ake ƙerawa da kusan rabi, domin kowane sabon nau'i na buƙatar nasa mazubi mai tsada da nasa wuri a sito. Bayan shekara goma Lego na cikin manyan kamfanonin kayan wasa na duniya.

Lego ya canza sau biyu ke nan. Na farko ya kusa kashe shi, na biyu ya tashe shi. Don haka gardamar a canza ko kada a canza ɓata lokaci ce. Abin dubawa shi ne ko canjin ya matso da kai kusa da abin da mutane ke biyan ka kuɗi dominsa, ko ya nesanta ka.

"Riba na shigowa, me zai sa in taɓa?"

Saboda lokacin da riba ke shigowa ne kaɗai kake da kuɗin gwaji da kuɗin kuskure. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Netflix ya fara ne da aika faya-fayan bidiyo ta gidan waya. A 2007, harkar na kan ganiyarta, ya fara nuna fina-finai ta intanet, yana sane cewa sabuwar za ta cinye tsohuwar. A 2011 ya yi gaggawar raba harkokin biyu da ƙarin farashi, masu biya kusan 800,000 suka fice cikin wata uku, ya janye shirin rabawar. Ya iya ɗaukar wannan duka ne don yana da sauran ƙarfi.

Sai kuma ita ma sabuwar kasuwar ta cika. A farkon 2022 kamfanin ya sanar da raguwar masu biya da 200,000, karon farko cikin sama da shekara goma. Shugabansa na lokacin, Reed Hastings, ya yi shekaru yana cewa ba za a saka talla ba. A watan Nuwamban wannan shekarar aka fito da tsari mai arha mai talla a ciki, a 2023 kuma aka fara hana mutane ara wa na waje lambar shiga, abin da a da kamfanin ke kau da kai a kansa don yana taimaka masa yaɗuwa. Abin da ya kasance dabara lokacin neman jama'a ya koma ɓarna lokacin da jama'ar suka cika.

Wasu sun kira wannan lashe amai. Ni ina ganin shugaban da zai iya tsayawa gaban masu hannun jari ya warware maganarsa ta shekara goma ya fi wanda zai nutse da ita.

Shi ma maigidan ya canza

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma nan ne aka fi gudun ta.

Ka shiga wani kamfanin da ya shekara ashirin, mai ma'aikata da dama. Abokin ciniki na tsaye yana neman ɗan ragi a kan kaya mai yawa. Manajan ya san amsar, ya san ribar da ke kan kayan, ya san mutumin ba ya cin bashi. Amma sai ya ɗauki waya ya kira maigida. Wayar na ta ƙara ba a ɗauka ba, domin maigidan na kan wani layin yana rigima da direba a kan rasit ɗin mai. Manajan ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ko za ka ɗan zauna?" Mutumin ya duba agogo, ya ce zai dawo. Ba zai dawo ba.

Da dare maigidan zai yi ƙorafi cewa ma'aikatan yanzu ba su da himma, komai sai an kira shi. Bai lura cewa shi ya koya musu haka ba. Ranar da manajan ya taɓa yanke shawara shi kaɗai, a gaban yara aka yi masa faɗa.

Lokacin da harkar take mutum uku, sa ido a kan kowane rasit shi ya hana ta mutuwa. Yanzu wannan halin ne ya zama ƙofa ɗaya tilo da kowa ke layi a bakinta. Kuma nagartattun ma'aikata ba sa daɗewa a layi. Masu iya tsayawa da ƙafarsu su tafi, galibi su buɗe irin harkar, a bar maigida da masu jiran umarni.

Akwai wata tambaya da ta shahara a tarihin kamfanin Intel. An kafa shi a 1968 a kan ƙera ƙwayoyin ajiyar bayanai na kwamfuta, amma zuwa tsakiyar shekarun 1980 kamfanonin Japan sun fi shi inganci da arha. A 1985 Andy Grove, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, ya tambayi Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin: in aka kore mu aka kawo sabon shugaba, me zai yi? Moore ya ce zai fitar da kamfanin daga wannan harka. Grove ya ce to me zai hana mu fita ta ƙofa, mu dawo, mu yi da kanmu? Suka bar harkar da aka san su da ita, suka koma kan ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi. An rufe masana'antu, dubban mutane sun rasa aiki, kamfanin ya yi asara a 1986, sannan ya mamaye kasuwar shekaru masu yawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, manajojin masana'anta sun riga shugabannin. Tun kafin wannan hira suna ta karkata aikin injina zuwa kayan da ya fi riba, don lissafin da ke gabansu ya nuna haka. Na sama ne suka makara, domin su ne sunansu ya haɗu da tsohuwar harkar. Mai sabon ido ba ya fin maigida basira. Bambancin kawai shi ne ba shi ya haifi abin ba, ba ya jin zafin yanka shi.

"Wannan ai tsoro ne aka yi wa ado"

Matasa masu zafin nama za su ce duk wannan maganar ragewa uzuri ne na wanda ya gaji. Akwai ƙamshin gaskiya. Wasu sun gaji ɗin ne, suka kira gajiyar hikima.

Amma mu yi adalci. Mai shekara ashirin da biyar in ya zuba duk jarinsa a harka ɗaya ta rushe, shi kaɗai ya faɗi, kuma yana da shekarun tashi. Mai shekara hamsin da biyar in ya yi haka, da shi da iyalan duk ma'aikatansa ne, kuma lokacin farfaɗowa ya ƙure. Lissafin kasada ya canza, wanda ya ƙi ganin haka ba jarumi ba ne. Ba laifi mutum ya ce girman nan ya ishe ni, ina son riba mai tsafta, bashi kaɗan, da lokacin kaina. Sharaɗin shi ne ya zauna ya zaɓi haka da saninsa, ya gaya wa abokan jarinsa da manyan ma'aikatansa, don mai burin hawa ya san inda ya tsaya.

Kuma faɗaɗawa a kan bashi ba ta jin kunyar tsufa. Kamfanin Kongo Gumi na Japan ya fara gina wuraren ibada tun shekara ta 578, yana hannun zuri'a ɗaya har kusan magada arba'in. Ya tsallake yaƙe-yaƙe da girgizar ƙasa. A shekarun 1980, lokacin da farashin filaye ke hauka a Japan, ya ci bashi ya zuba a gidaje da filaye. Farashin ya faɗi, aikin ginin wuraren ibada ya ragu, a 2006 wani kamfanin gine-gine mai suna Takamatsu ya haɗiye shi. Sama da shekara 1,400 a kan sana'ar da ya iya, 'yan shekaru a kan wadda bai iya ba.

"Mu ai ba Intel ba ne"

Gaskiya ne. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da asusun da zai ɗauki asarar shekara guda. Amma yana da abin da manya ke nema da kuɗi: ya san masu sayensa da fuska, kuma zai iya gwada sabon tsari a kan kaya ɗaya ko reshe ɗaya cikin wata guda ba tare da kiran taron kowa ba.

Abin da ya rasa galibi shi ne zama da littafin ciniki da niyyar jin abin da ba ya so. Yawancinmu jimillar wata muke dubawa, in ta yi kyau mu rufe littafin. Jimilla kuwa tana ɓoye abubuwa. A rarraba ta kaya-kaya, a cire kuɗin ajiya da na dako da na wanda ya yi kwantai. Sau da yawa za a tarar 'yan kayayyaki ne ke ɗauke da sauran, kuma wanda maigida ya fi alfahari da shi, wanda ya faro da shi, yana cikin masu cin na wasu. A rarraba ta mutum-mutum, za a ga babban kwastoman da ake tashi tsaye in ya shigo shi ne mai karya farashi, mai jan bashi wata uku, mai dawo da kaya.

Sannan a duba cikin cinikin bara nawa ne na sababbin fuskoki, nawa ne na waɗanda suka dawo. In masu dawowa sun rinjaya nesa, kuɗin da ake zubawa a talla don jawo baƙi ya fi amfani a wurin gyara, saurin kai kaya, da riƙe ma'aikacin da kwastomomi ke tambaya da suna.

Gwaji na ƙarshe ba ya cikin littafi. Maigida ya ba manaja iyakar ragin da zai iya yi da iyakar kuɗin da zai iya kashewa ba tare da tambaya ba, a rubuce, ya yi tafiyar mako biyu ya kashe waya. Duk abin da ya tsaya cik kafin ya dawo, shi ne aikin da ya kamata ya fara koya wa wani. In kuwa ya tarar babu abin da ya tsaya, to lokaci ya yi da zai tattauna da iyalinsa da abokan jarinsa a kan wanda zai karɓi ragama, da shekarar da za a miƙa masa.